Kwanon Ɗanɗano

Ranar da aka ce jininta ya zo ɗaya da na ƙaninta, Uwar Kicin ta yi murnar da rabonta da irinta tun haihuwar ɗanta na fari. Murnar ba ta kai minti goma ba. Likitan ƙoda ya bari ta gama hamdala, sannan ya nuna mata sikelin da ke kusurwar ofis, ya ce ta hau.

Ta cire takalmi, ta ajiye jaka, ta zare agogon hannu ma, sai ka ce shi ne zai cece ta. Sikeli ya nuna ɗari da huɗu.

"Mama," in ji likitan, "ƙodarki lafiya lau take, kuma za ta dace da shi. Amma ba zan yi miki aiki a wannan nauyi ba. Haɗari ne gare ki, kuma ɗayar da za ta rage miki ba za ta iya da jikin nan ita kaɗai ba. Ki sauko tamanin da takwas, sai mu sa rana."

"Kilo nawa ke nan?"

"Sha shida. Wata shida ya isa in an bi a hankali. Shi dai ƙaninki ba shi da lokacin ɓatawa, wannan ba sai na gaya miki ba."

Ba sai ya gaya mata ba kuwa. Auta, ƙanin nata, shekara biyu ke nan yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa. Shekara goma sha ɗaya ta ba shi. Ita ta goye shi, ita ta raka shi makaranta ranar farko yana kuka yana riƙe da gefen rigarta. Yanzu ga shi malamin lissafi a sakandare, da mata da 'ya'ya biyu, amma ruwan sha ma sai an auna masa a kofi. Mutum biyar aka gwada a dangi, ita kaɗai ta dace. Abin da ya tsaya tsakanin Auta da dashen ƙoda kilo goma sha shida ne, kuma duk a jikinta suke.

Sunan Uwar Kicin ba a banza ta samo shi ba. Shekara ashirin da shida tana dafa wa ma'aikatan wata masaƙa abinci, mutum ɗari huɗu, sau biyu a rana: na rana, da na masu shiga aikin yamma. Tukwane shida ne a jere kan murhun gas, kowace ɗaya yaro ɗan shekara biyar zai iya wanka a ciki. Ba ta taɓa auna gishiri ba. Idan sabon manaja ya zo da takardar awo, takan karɓa da ladabi, ta gode, ta sa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Ma'auninta harshenta ne, kuma ma'aikata sun shaida. Ko ranar da masaƙa ta hana ƙarin albashi aka yi bore, ba wanda ya taɓa tagar kicin.

Daga ofishin likita aka tura ta wurin Sista mai kula da masu ba da ƙoda, wata mai gilashi da ba ta cika dariya ba. Sista ta ɗauki farar takarda ta rubuta lamba ɗaya da manyan baƙaƙe.

"Kalori dubu ɗaya da ɗari shida a rana, Mama. Kalori awo ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki. Jikinki yana ƙona fiye da haka, to abin da ya rasa zai ɗebo daga ajiyarsa. Kada ki haura, kada kuma ki yi ƙasa da haka wai don ki yi sauri. Masu sauri su ke faɗuwa a hanya."

Ta ba ta jerin abinci da lambar kowanne, da ɗan sikelin kicin, da littafi.

"Duk abin da kika ci ki auna, ki rubuta. Sai tafiya: minti talatin, kwana biyar a mako, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya waƙa ba. Duk mako ki ƙara minti biyar har ki kai awa. Ƙarshen kowane wata ki zo mu hau sikeli."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Faɗarsa ce mai sauƙi."

Uwar Kicin ta ɗaura ɗamara. Duk wanda ya san ta ya san idan ta kama abu ba ta san wasa ba. A gida ta sauya faranti ta koma ƙarami. Shinkafa ta koma awo, burodi yanka biyu, shayi ba sukari, mai kuwa da ƙaramin cokali kamar maganin tari. Baban yara ya kalli farantinta ranar farko ya ce ko kyanwa aka ba wannan sai ta kai ƙara. Ta ce masa kyanwa ba ta da ƙani a asibiti. Daga ranar ya daina shigo da lemon kwalba gidan.

Tafiyar ta fi ba ta wuya. Da gari ya fara wayewa takan sa kambas ɗin ɗanta, wanda ya yi mata yawa sai da ta cusa takarda a gaba, ta fita. Ta bi ta gaban tashar bas, ta haye gadar jirgin ƙasa, ta zagaya filin ƙwallo, ta dawo. Matakalar gadar arba'in da biyu ne, kuma a makon farko sai ta huta sau uku kafin ta kai sama, gwiwoyinta suna ƙara. Masu jiran bas suna kallonta, wasu da tausayi, wasu da murmushin da ta fi tsana. Ba ta fasa ko kwana ɗaya ba, har ranar da aka tashi da ruwa.

Ƙarshen watan farko sikeli ya nuna ɗari da biyu. Sista ta ce ba laifi, farawa ce. Ƙarshen wata na biyu ya nuna ɗari da biyu. Ƙarshen na uku ya nuna ɗari da biyu da rabi.

Sista ta buɗe littafin tana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya. Rubutu ne tsaf, kowace rana da jimlarta a ƙasa, babu wadda ta haura abin da aka yanka mata. Ta rufe, ta gyara gilashi.

"Mama, zan tambaye ki, kada ranki ya ɓaci. Akwai abin da kike ci ba ki rubuta ba?"

Ranta kuwa ya ɓaci, ya yi mummunan ɓaci. Kuma da gaskiyarta. Mutane suna da saurin yanke wa mai ƙiba hukunci: idan ta ce ba ta ci ba, ƙarya take, idan ta ce ta ƙoshi, kunya take ji. Shekara da shekaru tana jin irin wannan a motar haya da wurin tela, tana dariya tana wucewa. Amma a ce ita, da ta yi wata uku tana kwana da yunwa saboda ɗan uwanta, tana cin abinci a ɓoye?

"'Yata," ta ce, "ni zan ci amanar Auta saboda loma? Ko dabino ɗaya na ci yana cikin littafin nan."

"Ban ce kin yi ƙarya ba, Mama."

"Kin faɗa. Da ladabi dai kika faɗa."

Ta ɗauki littafinta ta fita. A bas ta yi kuka, ta juya fuska wajen taga don kada a gani.

Daga nan ta yi abin da aka hana ta. Ta daina cin abincin yamma gaba ɗaya, ta rage na safe rabi, ta mayar da tafiya awa ɗaya da rabi. Kwana tara ta yi a haka. Ranar ta goma, tana saukowa daga gada, duhu ya rufe mata ido, ta zauna daɓas a kan matakala. Sai da wata mai shara ta yayyafa mata ruwa sannan ta gane inda take. Ba ta gaya wa kowa a gida ba.

Auta ne ya gano, don shi ba a ɓoye masa komai. Ranar Laraba ta je ɗakin wankin ƙoda kamar yadda ta saba. Gadaje takwas ne a jere, kowanne da injinsa yana juya jini cikin siraran robobi, ɗakin kuma da sanyi kullum. Auta yana kwance cikin bargo, hannunsa na hagu a miƙe da allurai biyu.

"Yaya, idonki ya faɗa. Me kika yi wa kanki?"

Ta faɗa masa. Ya ce ta miƙo littafin da biro. Ya ɗora a kan cinyarsa yana lissafi da hannu ɗaya, yana motsa leɓe kamar yadda yake yi a gaban allo.

"Idan wannan kike ci, kuma kina wannan tafiyar, da yanzu kin sauke kilo takwas. Ni na san ba kya ƙarya. Amma lambobi ma ba sa yi. Akwai abin da ke shiga ta wata ƙofa da ba ki sa mata mai gadi ba."

"Wace ƙofa? Baki nawa gare ni?"

"Ɗaya, amma ya isa unguwa." Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari. Da ya lafa ya ce, "Ki koma cin abin da Sista ta ce. Idan kika faɗi a gada, wa zai zo ya riƙa yi mini faɗa?"

Wadda ta gano ƙofar ita ce Siririya, mataimakiyarta ta shekara tara, wata doguwar mata mai cin abincin mutum uku ba ya nuna mata ko a kumatu. Uwar Kicin ta ba ta labarin lissafin Auta suna yankan albasa. Washegari Siririya ta zo da wani farin kwanon roba ta ajiye a kan kanta, bayan buhun gishiri.

Aiki ya kankama kamar kullum. Uwar Kicin tana bin tukwane da cokalinta, wani babban cokalin ƙarfe mai dogon mariƙi da take ratayawa a aljihun gaban rigar aiki. Ta ɗebi miya, ta hura, ta kurɓa, ta ƙara gishiri. Ta wuce tukunya ta biyu. Ta dawo ta farko ta ji ko gishirin ya shiga. Ta ciro tsokar nama ta ji ko ta yi laushi. Ta ɗebi shinkafa ta tauna ta ji ko ta nuna. Ta ɗauki ɗan dankali daga mai ta ji ko wutar ta yi yawa. Duk wannan hannunta ke yi, ita hankalinta yana kan agogo da mai kawo gas da bai zo ba. Ba ta lura Siririya tana bin ta a baya ba, duk abin da ta kai baki ita ma ta ɗebi daidai shi ta zuba a farin kwanon.

Ƙarfe biyar, an sallami masu aikin yamma, ana wanke tukwane. Uwar Kicin ta zauna a kan benci ta buɗe 'yar robar abincinta mai awo. Siririya ta zo ta ajiye farin kwanon a gabanta.

"Mene ne wannan ƙazanta?"

Kwanon ya cika har baki. Miya kala uku, shinkafa, wake, tsoka bakwai ko takwas, soyayyen dankali ya jiƙe, mai kuma ya taso ya kwanta a sama kaurin ɗan yatsa.

"Abin da kika ɗanɗana yau ne, Uwa. Sau hamsin da uku. Ban ƙara ko ɗigo ba."

"Ɗanɗano ai ba ci ba ne."

"To ina yake tafiya?"

Uwar Kicin ta kalli kwanon, ta kalli 'yar robarta da ba ta kai rabinsa ba. A ranta ci shi ne ka zauna, ka wanke hannu, ka ja faranti. Abin da ake yi a tsaye a bakin tukunya aiki ne, kamar yadda tela ke gwada almakashi a kan ƙyalle. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa ɗaukarsa abinci ba, shi ya sa bai taɓa zuwa mata a rai ba lokacin da take rubutu. Abin da ya fara zuwa mata shi ne wata uku da kwana goma na Auta, waɗanda ta shanye da cokali.

Da safe ta ɗauki kwanon a leda ta kai asibiti. Ta ajiye a kan teburin Sista, ta ce, "Ki yafe mini, 'yata. Ga abin da ban rubuta ba." Sista ta saurari bayanin, ta ɗora kwanon a sikeli, ta yi 'yan lissafe-lissafe. Ta ce a ƙalla kalori ɗari takwas ne, wataƙila dubu saboda man.

"Laifina ne ni ma," in ji Sista. "Na tambaye ki abin da kike ci, ban tambaye ki aikin da kike yi ba."

Gano ciwon ya fi maganinsa sauƙi. Da farko Uwar Kicin ta ce za ta riƙa ɗanɗanawa tana tofarwa. Kwana biyu ta gwada. Maƙogwaron da ya shekara ashirin da shida yana haɗiyewa ba ya jiran izini, kafin ta tuna ya wuce. Sau ɗayan da ta tuna kuma, ta tsaya da miya a baki tana neman inda za ta zubar, ta ji ba za ta iya tofar da abinci a gaban tukunyar da mutane za su ci ba. Ranar ta uku ta zare cokalin daga aljihu ta miƙa wa Siririya.

"Daga yau ke ce bakina."

Siririya mutuniyar kirki ce, amma harshenta na son gishiri kamar akuya. Makon farko abinci ya riƙa dawowa a faranti. Mako na biyu Uwar Kicin ta ce a rage, sai ya zama lami. Manaja ya kira ta ofis ya tambaya ko lafiya, ta ce lafiya. Wata rana tana bayan taga tana zuba wa mutane, ta ji wani tsohon mai gyaran inji, wanda ya ci abincinta tun yana saurayi, yana ce wa na bayansa, "Uwar Kicin ta tsufa, hannun ya tafi." Maganar ta soke ta fiye da yunwar wata uku. Ta zuba masa nasa, ta ƙara masa nama, ba ta ɗago kai ba.

A ƙarshe ta durƙusa ta zaro takardar awon nan daga ƙarƙashin ƙafar tebur, ta goge ta, ta manna a bango. Matar da ke yi wa masu auna gishiri dariya ta koma auna shi da kofi. Ta koyi jin nunar nama da matsa shi tsakanin yatsu, ta koyi sauraron tafasar miya da shaƙar tururinta. Abincin ya dawo ana ci ba ƙorafi. Bai dawo yadda yake ba, kuma ita ta fi kowa sani.

Sikeli kuwa ya fara motsi. Casa'in da tara. Casa'in da shida. Matakalar gada ta daina tsayar da ita, ta kai tana hayewa tana gaisawa da mai shara ba tare da haki ba. Tela ya rage mata rigunan aiki sau biyu. Casa'in da uku. Casa'in da ɗaya.

Auta shi ma yana raguwa, ba tare da ya nema ba. Ya ajiye koyarwa saboda tsayuwa a gaban allo tana sa shi haki. Ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama siriri. Amma duk Laraba da ta shigo, kafin ta zauna zai ce, "Nawa?" Ta faɗa, ya ɗaga babban yatsa, ya juya ya gaya wa na gadon kusa, wai yayarsa tana narkewa kamar kyandir. A makonnin ƙarshe ya fi kowane lokaci fara'a da tsokana, har ta ce a ranta sauƙi ne ya fara zuwa.

Wata tara da kwana huɗu bayan ranar farko, ta hau sikelin Sista ya nuna tamanin da bakwai da rabi. Ta sauka ta sake hawa. Bai canza ba. Ta juya tana dariya, sai ta ga Sista ba ta kallonta, tana tattara takardun da ba sa buƙatar tattarawa.

"Likita yana son ganin ki, Mama."

Likitan ya miƙe da ta shigo, abin da bai taɓa yi ba. Ya jira ta zauna.

"Kin yi abin da mutane kaɗan ke iyawa," ya ce. "Amma akwai maganar da ƙaninki ya hana mu gaya miki, yau kuma ya ba ni izini. Mako bakwai da suka wuce muka ga zuciyarsa ta yi rauni. Doguwar jinyar ƙoda takan jawo haka. Muka ɗora shi a kan magani muna fatan ta farfaɗo. Hoton da aka ɗauka shekaranjiya ya nuna ba ta farfaɗo ba. Idan muka kwantar da shi a teburin tiyata, ba zai tashi ba."

Ta ji maganar sarai, kowace kalma. Hannayenta suna kan cinyarta, ta kalle su kamar na wani.

"Nan gaba fa?"

"Ba na so in sa miki rai."

"To da na sauko a wata shidan da ka ce? Da ban ɓata wata ukun nan ba?"

Likitan ya dube ta. Mutumin kirki ne, da ya so da ya ce mata ba bambanci, ta tafi da wannan.

"Ban sani ba, Mama. Wataƙila da an yi. Wataƙila kuma da mun buɗe mun tarar da abin ya riga ya fara. Ba zan yi miki ƙarya ta kowane ɓangare ba."

Ɗakin wankin ƙoda yana hawa na biyu. Ta bi matakala, ta isa ba ta yi haki ba, wannan ma ya ba ta haushi. Auta yana gadonsa na kusa da taga, cikin bargo. Ya ga fuskarta ya san an gaya mata. Duk da haka ya ce, "Nawa?"

"Kada ka tambaye ni."

"Yaya, nawa?"

"Tamanin da bakwai da rabi."

Ya lumshe ido ya yi murmushi. "Har da rarar rabi."

Ta ja kujera ta zauna. Ta so ta yi masa faɗa irin na da, ta rasa ta inda za ta fara, sai muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Mako bakwai kana kallona ina zuwa ina faɗa maka lamba kamar wawiya. Me ya sa?"

"Da na gaya miki, washegari za ki karɓe cokalinki daga hannun Siririya. Ƙarya na yi?"

Ta kawar da kai, shi kuma ya ci gaba.

"Kina casa'in da ɗaya lokacin. Na ce bari ta ƙarasa. Sista ta nuna mini awon jininki, Yaya, ya sauka ya zama na yarinya. Inna ba ta kai hamsin da uku ba, kin fi ni sanin hawan jini ne ya kai ta. Ke kina da arba'in da tara. Yarana suna buƙatar wanda zai tsufa a gidan nan."

"Ni na jawo. Wata uku ina zuba wa cikina abinci ina cewa ban ci ba."

"Aiki kike yi. Mutum ɗari huɗu kike ciyarwa, ciki har da ni, don da wannan cokalin kika yi mini makaranta. Ba zan ji wannan maganar ba, kada ki sake kawo mini ita."

Nan ta fashe da kuka, ba ta juya fuska ba, ba ta damu da sauran gadajen ba. Injin yana ta juya jininsa. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana riƙe da yatsunta da hannunsa na dama, hannun sanyi ƙalau.

Da ta share ido ta dafa gefen cikinta, wajen da likita ya taɓa zana mata da biro inda za a yanka.

"To yanzu me zan yi da ƙodar nan? Wata tara ina gyara maka ita."

"Kin riga kin ba ni, ai tawa ce." Ya ja numfashi, ya huta, sannan ya ƙarasa. "Ajiya na ba ki. Ki riƙa fita da ita yawo da safe, kada ki cika mata gishiri. Kuma ba na so a dawo mini da ita da wuri."

Ta gyaɗa kai. Wata nas ta zo da abin awon jini ta ce a ɗan ba ta wuri. Uwar Kicin ta ja kujerarta baya kaɗan, ba ta saki hannunsa ba.